Bayan "An Sauka Lafiya", Wa Ke Tambayar Mai Jego?

Idan mace ta haihu a Birnin Kebbi ko Argungu, tambayar farko ita ce: "An sauka lafiya?" Da zarar an amsa, sai hankali ya koma kan jariri da ragon suna. Rajistar asibiti ma haka take, tana ƙirga wadda ta rayu da wadda ta rasu. Yadda mai jego ke kwana da tashi a cikin arba'in ɗinta kuwa ba ya shiga lissafin kowa.

Alhali akwai ma'aunai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da WHOQOL-BREF, tambayoyi 26 kan lafiyar jiki, kwanciyar hankali, zamantakewa da muhalli. Ma'aunin Edinburgh na 1987 tambayoyi 10 ne kan ciwon damuwa bayan haihuwa. Sai dai takarda ba ta san kunya ba. Ka tambayi mai haihuwar fari "Ya jiki?" a gaban surukarta, "da sauƙi" za ta ce, ko da fitsari na zubar mata ba ta iya riƙe shi, ko ta yi mako ba ta sami barcin kirki ba.

Takardar ba ta san jegonmu ba kuma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa, wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Wanda bai tambayi kumburin ƙafa da haki ba, ya bar abin da ke iya kashe ta.

Shawarata ba ta buƙatar sabon gini. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego aƙalla sau huɗu, na ƙarshe a mako na shida. Lokacin ne ake gama arba'in, lokacin ne kuma uwa ke kawo jariri rigakafi. A nan ake ɗora yaro a sikeli, ita kuwa ta goya shi ta tafi. A ware mata minti biyar, ita kaɗai da ma'aikaciya mace, a harshen da take ji. A bar ta ta lissafa abubuwan da haihuwa ta sauya mata: barci, jini, abinci, kuɗin magani, zama da miji, aikin shinkafa a fadama. Ita za ta ce wanne ya fi damunta.

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne. Tambayar da ba ta kai ga magani ba ma ɓata lokaci ce. Shi ya sa dole kowace amsa ta sami inda za a tura ta: mai haki zuwa Asibitin Sir Yahaya, mai yoyon fitsari zuwa cibiyar Gesse. Katin jariri yana da gurbin nauyinsa a kowace ziyara. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta buɗe wa uwarsa nata gurbin.