Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a lokacin kaka, ya ɗan tsaya a Gidan Mutum Ɗaya ko a Kankiya, lalle zai ga abin da zai faranta masa rai. Zai ga amalanke da babura suna fitowa daga ƙauyukan Kankiya da Kusada ɗauke da buhunan gero da dawa da wake, 'yan awo suna ta aune, manyan motoci kuma suna lodi za su Dawanau. Amma in Allah Ya komo da shi ta wannan hanya cikin watan Yuli, sai ya tarar da yawancin waɗanda suka kawo buhunan nan sun dawo kasuwa da ƙwarya a hannu, suna sayen hatsi tiya tiya, da tsadar da ta fi wadda suka sayar nesa ba kusa ba. Wannan al'amari shi mu ke so mu yi magana a kansa yau, domin a ganinmu nan ne kuɗin cefanen magidanta ya ke zurarewa.

Ba mu ce talaka ne ya jawo tsadar abinci ba. Kowa ya san mafarinta. Ran 29 ga watan Mayu, 2023, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya hau mulki, ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kowane buhu kuwa sai an ɗauke shi a mota. Cikin watan Yuni na shekarar aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi, taki da maganin feshi suka yi tsada. Sa'an nan aka yi juyin mulki a Jamhuriyar Nijar cikin watan Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024, alhali kuwa cinikin Katsina da Maraɗi tamkar na ɗaki da falo ne. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana noma a manyan gonaki na yamma da kudancin Jihar. Da waɗannan suka haɗu, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni na 2024 farashin abinci ya ɗara na bara da fiye da kashi 40 cikin 100.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A watan Yuli na 2024 ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba har kwana 150, ta kuma mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. A shekarar 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai, har manoma suka koma kukan cewa abin da suka samu bai mai da kuɗin taki ba. To, a nan ne mu ke jin tsoro. Sauƙi ya kan sa mantuwa, manomin da ya faɗi bana kuwa ya kan rage gona baɗi, in gona ta ragu tsada ta komo. Saboda haka lokacin da hatsi ya ke araha shi ne lokacin shiri, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Kakanninmu sun san wannan sarai, don sun sha wuyar da ta fi tamu. Sun ga yunwar 1914, sun ga ta 1927, iyayenmu kuma sun ga farin 1973 da na 1984. Abin da suka koya shi ne rumbu. Magidanci na sosai ya kan yi rumbun ci, ya kuma yi rumbun tsimi wanda ba a buɗewa sai damina ta tsaya, sa'ad da a ke aikin gona, ciki kuma ya ke neman abinci fiye da kullum. Su kan ajiye gero da dawa a damensu ba a sussuka ba, don hatsi ya fi daɗewa a zangarniyarsa, shawarar da Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar tun zamanin da. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fitar da littafinta a 1972. Abin da ta gani shi ne, manomi mai ƙarfi ya kan riƙe hatsinsa har ya yi daraja, marar ƙarfi kuwa ya kan rabu da nasa tun da kaka, ya komo yana saye da tsada, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Yau fiye da shekara 50 ke nan, amma wanda ya san ƙauyukanmu zai ce jiya aka rubuta.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. A ce gida mai mutum 10 yana cin tiya 2 ta hatsi kowace rana. A wata tiya 60 ke nan, watau buhu ɗaya da rabi, in buhun mai tiya 40 ne. A shekara abin ya kai wajen buhu 18. Mun sani babu malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko mai ɗinki da zai iya sayen buhu 18 a tashi ɗaya, ba kuwa shi mu ke nema ba. Watannin wuya uku ne, Yuni da Yuli da Agusta, kafin sabon gero ya shigo. Abincinsu buhu 4 da rabi ne. In an ce farashin damina ya ɗara na kaka da kashi ɗaya cikin huɗu kawai, sau da yawa kuwa ya kan wuce haka, to wanda ya sayi waɗannan buhuna tun da kaka ya tsira da kuɗin da ya fi na buhu guda. Babu wani ciniki da zai yi da mai awo, komi iya bakinsa, da zai rage masa kwatankwacin wannan.

Wani zai ce, ina kuɗin? Amsa ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matanmu sun daɗe da sanin adashi, sai dai yawanci a kan kwashe shi don biki ko kayan ɗaki. Me zai hana malaman makaranta guda, ko masu salla a masallaci guda, ko 'yan tasha guda, su yi adashin hatsi, suna zubi tun daga watan Janairu, a kwashe a watan Nuwamba, a wakilta mutum biyu amintattu su tafi kasuwa su auno wa kowa? Mai sayen buhu 20 ba farashinsa ɗaya da mai sayen tiya ba, kuɗin mota kuma an raba shi. Haka manja da man gyaɗa da gishiri da sabulu: jarka guda da gida huɗu suka raba ta fi araha bisa ga ƙulli ƙulli na kullum, don kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a cikinsa. Sharaɗi ɗaya ne, a rubuta komi a littafi, a karanta a gaban kowa. Abin da ya kashe ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan ba rashin kuɗi ba ne, rashin rubutu ne.

Saye ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an iya ajiya. Da yawa sun daina ajiye wake don ƙwari su kan mai da shi gari cikin 'yan watanni. Waɗansu kuma sun koma zuba masa fiya-fiya, wanda guba ne ba na abinci ba. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Abin da Bature ya ƙi ci, me zai sa mu ba 'ya'yanmu? Alhali kuwa akwai hanya mai sauƙi. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta ƙasar Amurka suka ƙago tare da abokan aikinsu na Afirka. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu na uku. In an zuba hatsi an matse iska, an ɗaure kowace leda daban, sai ƙwarin da ke ciki su shaƙe sauran iskar su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfin da ya ke kamawa sosai shi ma haka ya ke aiki. Amma a kiyaye abu uku. Hatsi ya bushe ƙayau, in an ciza a ji ya fashe. A ɗora buhu bisa katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a kuma tsare shi daga ɓera. Sa'an nan kada a riƙa buɗewa ana rufewa. Masara ko gyaɗar da aka ajiye da danshi ta kan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana da dafin da ke lalata hanta.

Abin da muka faɗa game da tuwo, haka ya ke ga miya. Tumatir da tattasai da albasa su kan yi araha da sanyi, sa'ad da kayan lambu suka fito, su yi tsada da damina. A 2016, da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, gidan da ya ke da kauɗa bai rasa jar miya ba. Kakanninmu mata ba su taɓa shiga damina ba kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono a tukunya. Bishiyar zogale guda biyu a bayan ɗaki, da ɗan fegin rama da yakuwa inda ruwan wanke-wanke ya ke bi, sun isa su rage kuɗin cefane kowace rana ta Allah. In nama ya gagara, wake da awara da ƙuli-ƙuli suna gina jikin yaro. Kada kuma mu raina abincinmu. Shinkafa da taliya sun shiga gidajenmu har waɗansu yara suna ganin tuwon dawa abin kunya ne, alhali gero da dawa a ƙofar gidanmu su ke fitowa, ba sai an biya musu kuɗin jirgi ba.

Sai mu komo kan manomi, mu tambaya me ya ke sa shi sayarwa da kaka. Wani bashin taki ne, wani rashin lafiya, wani kuɗin makaranta, waɗannan babu mai zarginsu. Amma kowa ya sani kaka ita ce lokacin aure da ƙarin aure da bukukuwan da a ke gasa a cikinsu. Hatsin da za a ci a watan Agusta shi a ke mayarwa akwatunan lefe a watan Disamba. Muna roƙon hakimai da dagatai da limaman Kankiya da Kusada su sa baki a wannan, kamar yadda waɗansu garuruwa suka yi ƙoƙarin taƙaita kayan aure. Magidanci ya fara ware abincin shekara, ya rufe, abin da ya saura shi ne na sayarwa. In tilas ta zo, gara a sayar da akuya ko gyaɗa ko riɗi a bar gero.

Akwai masu cewa ai wannan shi ne ɓoye abinci da malamai su ke hanawa. A'a, da bambanci. Wanda ya ajiye abin da iyalinsa za su ci ya yi tattali, ya ma rage cunkoso a kasuwa lokacin tsada. Wanda ya cika sito yana jiran mutane su galabaita sa'an nan ya fitar, shi ne abin zargi, kuma 2025 ta koya wa irinsu darasi, don da yawa sun saya da tsada sun sayar da hasara. Mai ajiyar ci kuwa ko farashi ya faɗi bai yi hasarar da za ta dame shi ba, tuwonsa dai zai ci.

Ba mu manta da waɗanda ba su da abin zubin adashi ba, balle na buhu. Haƙƙinsu yana wuyan masu hali. Zakkar hatsi ɗaya cikin 10 ce ga noman damina, ɗaya cikin 20 ga na ban ruwa mai wahala, ga wanda amfaninsa ya kai nisabi. Da ana fitar da ita yadda Allah Ya ce, ana kuma ba mabukata na kusa, da falle da sauran basussukan da ke cinye amfanin gona tun yana tsaye sun ragu.

Gwamnati ma da nata kason. Na farko tsaro, gama rumbu ba ya cika in gona ba ta nomu ba, mutum kuma ba ya ajiya a inda ya ke tsoron a zo a ƙone. An kafa rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina a 2023 a ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, muna fata a ci gaba da ƙarfafa ta. Na biyu, shirin Rumbun Sauƙi na sayar da abinci da rangwame abu ne mai kyau, amma amfaninsa ba zai cika ba sai ya kai ga mutanen ƙauye. Na uku, malaman gona na KTARDA su riƙa fita ranar kasuwa suna nuna yadda a ke ɗaure buhun ajiya a gaban jama'a, a kuma tabbatar ana samun na ainihi. Na huɗu makarantu. Mu da mu ke shiga azuzuwa mun sha ganin yaro ya iya jadawalin sau har 12, amma bai san tiya nawa gidansu ya ke ci a mako ba. Malamai su mai da lissafin cefane darasi, a farfaɗo da lambun makaranta, don abin da yaro ya koya da hannunsa shi ya ke kai wa gida.

Farashin mai da darajar Naira ba a hannun mutumin Kankiya ko na Kusada su ke ba. Amma ranar da zai sayar, da ranar da zai saya, da yadda zai ajiye, waɗannan suna hannunsa. Kowane magidanci ya zauna da uwargidansa, su auna abin da su ke ci, su ƙidaya watannin da ke gaba, su fara da ko buhu guda ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu zaman lafiyar da za mu ci abin da muka noma, amin.