Harshen tafinta ma harshe ne: darasi daga kundayen Mosko

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin malamai, wai rubutun da aka fassaro ba ya zama shaida a tarihin harshe, domin tafinta bawan harshen baƙo ne, abin da ya rubuta kuwa ba nasa ba ne, ba na jama'arsa ba. Masu wannan ra'ayi sun ɗauki tsabta sun fifita ta bisa gaskiya. Tarihin harshen Rasha ya isa ya ƙaryata su.

Ƙarni da dama harshen littafi a ƙasar Rasha shi ne Silabanci na coci, wanda ya bambanta da abin da mutane ke faɗi a kasuwa da fada. Mai son jin harshen yau da kullum na wancan zamani, littattafan addini ba za su ƙosar da shi ba. Dole ya nufi takardun mulki da na ciniki, cikinsu kuwa har da wasiƙun sarakuna. A shekarar 1549, zamanin Sarki Iban na huɗu, aka kafa ofishin jakadanci a Mosko, aka damƙa shi ga Iban Biskobati. Ofishin yana da masu fassarar rubutu da masu fassarar baki, suna juya wasiƙu daga Tataranci, Latinanci, Jamusanci, Folanci da Girkanci. Waɗannan ma'aikata ba neman yabon marubuta suke yi ba. Bukatarsu ita ce sarki da fadawa su gane saƙo nan take, kuskure kuwa yana iya jawo yaƙi. Saboda haka suka rubuta harshen da ake ji.

A dubi hulɗar Mosko da sarakunan Kirimiya, wadda kundayenta suka fara tun 1474, zamanin Iban na uku da Mengli Giray. Yawancin wasiƙun farko na Tataranci sun ɓace, fassararsu kaɗai ta rage. A cikinta ake ganin kalmomin aro suna aiki: yarlik, wato takardar umarnin sarki, da shert, wato rantsuwar alkawari. Asalin wannan ta biyu Larabci ne, tushe ɗaya da kalmar Hausa sharaɗi. Wanda ya yar da fassara ya yar da hanyar da kalmar ta bi daga Larabawa zuwa Turkawa har Mosko.

Masu adawa suna da hujja guda mai nauyi, kuma ba a raina ta ba. Tafinta yakan kwaso ginin jimlar baƙo ya dasa a harshensa, har mai bincike ya ɗauka dokar nahawu ce, alhali sawun wani harshe ne. Amma ciwon ido ba ya sa a ƙwaƙule ido. Maganin shi ne a aza fassara kusa da asalinta. Haka aka yi da Kuranti, labaran ƙetare da ofishin jakadanci ke fassara wa sarki da hannu a ƙarni na 17, waɗanda aka fara bugawa a 1972. Ingrid Maier ta jami'ar Uppsala ta bi sawun jaridun Jamus da Holan da aka fassaro su daga ciki, aka buga asalin a 2008. Idan an gwama su, inda tafinta ya bi baƙo sau da ƙafa yakan fito fili, inda ya kauce masa kuwa, nan harshen uwarsa ya rinjaye shi, kuma nan ne shaida mafi ƙarfi take.

Ko yarjejeniyar Simolensk da Riga da Gotland ta 1229, wadda masana suka yi ta gardama ko daga wani harshe aka juyo ta, tana nuna yadda magatakarda ke musanya wasu haruffan wasula. Wannan al'ada ta hannunsa ce, ba Bajamushe ya koya masa ba.

Malamin da ke hana ɗalibansa taɓa irin waɗannan takardu yana rufe musu rijiya ne don ya ga kara a bakinta. Abin da ya kamace shi shi ne ya koya musu tacewa: wane ne ya fassara, daga wane harshe, don wa, a wace shekara. Harshen da ya yi hulɗa da maƙwabta, tarihinsa yana cikin wasiƙun da ya karɓa daga gare su.