Ba Harry Potter ne ya hana 'yata cin tuwon kakarta ba

Tun da aka ba yara hutu, saƙo guda ɗaya ya shigo wayata sau huɗu. Biyu daga rukunin WhatsApp na zumuntar maza, ɗaya daga yayata, na ƙarshe daga wani abokin aikina a sakatariya wanda ko aure bai yi ba tukuna. Abin da saƙon ke cewa shi ne duk fim ko katun da aka ga sihiri, dodo, aljana ko dabba mai magana a cikinsa ƙofar Shaiɗan ce, a kashe talabijin, a kuma tura wa iyaye goma. Da na so in yi shiru, don na san inda irin wannan muhawara take ƙarewa. Amma akwai abin da ya faru a gidana bara wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma shi ya sa na daina auna fim da wannan mudun.

Mahaifiyata ta zo daga ƙauye don a duba mata ido. Ta haura saba'in. Idanunta sun yi ja saboda hayaƙin icce na shekara da shekaru, haƙoran gaba sun zube, kuma in tana aiki takan rera waƙoƙin sujada ƙasa-ƙasa, wanda bai san ta ba sai ya ɗauka surutu take ita kaɗai. Mace ce da ta yi fiye da shekara arba'in a zumuntar mata. Washegarin zuwanta ta ce ita za ta tuƙa wa jikokinta tuwon dawa da miyar karkashi. Kowa ya ci har da neman ƙari, ban da 'yata mai shekara takwas. Wai cikinta ke ciwo. Kashegari ma haka. Sai da mamanta ta ja ta ɗaki ta lallashe ta, sannan ta fashe da kuka ta ce ai ta gani a fim, wata tsohuwa mai jan ido ta ba jikarta abinci, da dare sai ga yarinyar a taron mayu.

Mama ta ji, don gidan ba wani girma gare shi ba. Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki kwanon ta rufe. Ana gamawa da asibiti ta ce awakinta na jiran ta a gida.

Fim ɗin da 'yata ta kalla a gidan maƙwabta ba na Turawa ba ne. Namu ne na gida Najeriya, irin wanda fasto ke zuwa a minti goma na ƙarshe ya yi addu'a wuta ta kama mayya, a rufe da godiya ga Allah. A lokacin kuwa ni ne nan na kafa doka cewa ba a kallon Harry Potter a gidana. Ina can ina gadin ƙofa, ashe ɓarawon ta taga ya shigo.

Kada wani ya ce ina wasa da maganar sihiri. Littafi Mai Tsarki bai yi wasa da ita ba. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta haramta duba da tsafi da neman shawarar matattu. Sarki Saul ya je wurin mai kiran matattu a Endor, mun san yadda ya ƙare. A Afisa, cikin Ayyukan Manzanni sura 19, waɗanda suka tuba sun ƙone littattafansu na sihiri a bainar jama'a, da aka lissafa kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Duk na yarda. Amma a duba abin da aka hana ɗin da kyau: mutum ya tashi ya je neman iko, ko kariya, ko sanin gobe a wani wuri da ba wurin Allah ba. Aiki ne da mutane ke yi da gaske, wurin boka na gaske. Ba labarin da kowa ya san ƙirƙira ce aka hana ba. In da shi aka hana, ina za mu kai Yotam, wanda a Littafin Mahukunta sura 9 ya ba da labarin itatuwa sun yi taro suna neman sarki, zaitun da ɓaure da kurangar inabi kowa na faɗin albarkacin bakinsa kamar 'yan majalisa? John Bunyan, mai wa'azin nan na Ingila da ya sha ɗaurin kurkuku saboda wa'azi, ya fitar da The Pilgrim's Progress a 1678 cike da ƙattai da dodo, kuma sama da shekara ɗari uku ke nan ikilisiyoyi na ba yara shi su karanta.

Mu ma da me aka rene mu? Gizo da Ƙoƙi, da Dodo mai cin mutane, da kura mai zuwa cin kasuwa. A firamare muka karanta Magana Jari Ce, inda aku ke zuba labari ɗaya bayan ɗaya. Babu ko mutum ɗaya a ajinmu da ya shiga bori saboda akun Abubakar Imam. Yaro ba wawa ba ne, da an ce ƙurunƙus ya san an dawo duniya. Abin da ya rikita 'yata shi ne fim ɗin bai ce mata tatsuniya ce ba. An nuna mata gida irin namu, abinci irin namu, tsohuwa irin kakarta, aka rufe da sunan Yesu. Sai ta ɗauke shi wa'azi.

Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne. A 1999 fim ɗin End of the Wicked na Helen Ukpabio ya fito, yana nuna ƙananan yara suna tashi da dare zuwa taron maita. An sha sukarsa da cewa yana cikin abubuwan da suka rura wutar zargin yara da maita a Akwa Ibom da Kuros Riba. A 2008 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya nuna wa duniya yaran da iyayensu suka kora daga gida, wasu an ƙona su, wasu an yi musu dukan kawo wuƙa, saboda wani ya ce mayu ne. A shekarar ce gwamnatin Akwa Ibom ta sa hannu kan dokar kare haƙƙin yara da ta mai da kiran yaro maye laifi. Mu ma nan Arewa kada mu ɗaga kafaɗa. Kowannenmu ya taɓa jin labarin ƙauyen da aka taso tsohuwa a gaba don zazzaɓi ya hau kan yaro ya ambaci sunanta.

Shi ya sa yanzu in zan auna fim ba na fara tambayar ko akwai sihiri a ciki. Ina tambaya: me fim ɗin ke koya wa yaro game da iko, kuma in ya tashi daga kallo, da wane ido zai dubi mutanen gidansu?

Ku ɗauki Narnia. C. S. Lewis ne ya rubuta littattafan guda bakwai tsakanin 1950 da 1956, fim na farko ya fito a 2005. Akwai mayya, akwai dabbobi masu magana, duk abin da saƙon WhatsApp ɗin nan ya lissafa. Amma labarin fa? Yaro ya ci amanar 'yan'uwansa saboda alawa da kwaɗayin sarauta, hukuncinsa mutuwa, sai zaki Aslan ya ba da ransa a madadinsa, aka wulaƙanta shi aka kashe, da gari ya waye ya tashi. Ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya juyo ya ce, "Baba, ai wannan labarin Ista ne." Malamin makarantar Lahadi zai yi wata guda yana neman wannan jimla daga bakin yaro. Abokin Lewis kuwa, J. R. R. Tolkien, ɗan Katolika ne na sosai, kuma hirarsu na cikin abin da ya dawo da Lewis ga bangaskiya a 1931. A cikin The Lord of the Rings zoben iko ba abin da mutumin kirki zai yi amfani da shi ba ne, duk wanda ya riƙe shi sai ya ci shi, mafita ɗaya ita ce a hallaka shi. Ina ma a nuna wa wasu manyanmu. Sai dai fina-finan nan uku na 2001 zuwa 2003 suna da yaƙi da halittu masu ban tsoro, alamar PG-13 ce a kansu, wato a yi hattara da yaron da bai kai sha uku ba. Saƙo mai kyau ba ya hana yaro mai shekara bakwai fitsarin kwance.

Harry Potter shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a nan na san za mu saɓa da wasu 'yan'uwa ta ɓangarori biyu. Na zauna na kalli fina-finan takwas ɗin nan ni kaɗai, abin da ya kamata in yi kafin in kafa doka. Gaskiya ban samu abin da aka faɗa mini ba. Abin da ya kare yaron shi ne uwarsa ta mutu dominsa. Mugun labarin kuwa tsoron mutuwa ne ya sa shi kashe mutane yana yayyanka ransa yana ɓoyewa. A ƙarshe yaron da ƙafarsa ya tafi ya ba da ransa don abokansa. Wannan ba koyarwar matsafa ba ce. Amma duk da haka ba zan ce a sakar wa yara ba. Jaruman labarin makarantar koyon sihiri suke zuwa, kuma kalmar da Bature ke furtawa yana dariya, in ka juya ta zuwa Hausa maye ce da mayya. A Ingila tun 1951 aka soke tsohuwar dokar maita, abin ya zame musu kayan wasan yara. Mu kuwa boka na da shago a bayan layi, yana ma tallar kansa a Facebook. Ga shi daga fim na huɗu labarin ya yi duhu sosai, har da maƙabarta da yanka hannu. Hukuncin gidana: sai yaro ya kai sha biyu ko sha uku, kuma tare da ni.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma ba a cika ambatonsa a saƙonnin nan ba. The Golden Compass na 2007 kyakkyawan fim ne a ido, ga yarinya jaruma ga dabbobi masu magana. Marubucin littafin, Philip Pullman, bai ɓoye cewa bai yarda da Allah ba, ya kuma fito fili ya soki Narnia. Azzaluman labarinsa wata hukuma ce da aka zana da kamannin ikilisiya. Uban da ke leƙen sandar sihiri kawai zai bar wannan ya wuce. Haka Coco na 2017. Na yi ƙwalla a ƙarshensa, ban ji kunyar faɗa ba, don darasinsa kan girmama tsofaffi ya fi na fina-finanmu da yawa. Amma an gina shi kan bikin ranar matattu na Meziko, inda ake ajiye hoton mamaci da abinci don ya zo ziyara, kuma a fim ɗin mamaci yana ɓacewa ne in masu rai sun manta da shi. Mu da kakanninmu suka bar zuba wa kabari giya suka bi Almasihu, dole bayan kallo a zauna a yi magana kan inda matattu suke. Mun yi, ta kai mu har Yahaya sura 11 da labarin Li'azaru, kuma ta fi addu'ar safe da yawa da muka yi muna gyangyaɗi armashi.

Ga 'yan'uwan da suka ce su dai sam, ba sa son komai mai kama da sihiri a gidansu: ban raina ku ba. Akwai wanda daga gidan tsafi Ubangiji ya fito da shi, ya san abin da ya gani, ko ƙarar ganga a fim tana tayar masa da hankali. Romawa sura 14 ta yi maganar irin wannan, mai ci kada ya raina wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya hukunta mai ci. Roƙona ɗaya ne. In za ku hana, ku hana da mudu ɗaya. Ba zai yiwu a kori zakin Narnia daga falo ba, sannan a bar tashar fina-finan gida tana aiki daga safe har dare, yara na kallon yadda ake yanka mutum a yi kuɗi, da yadda kishiya ke binne laya, da yadda kowace uwar miji take tashi sama da dare. Awa biyu ana nuna wa yaro tsafi na aiki, mai yinsa na hawa manyan motoci, sannan minti biyar na hukunci. Wanne kuke gani zai zauna masa a kai? Ko hukumar tace fina-finai ta ƙasa a 2024 sai da ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi a fina-finai. In gwamnati ta ga abin, mu iyaye muna ina?

Kuma mu daina yaudarar kanmu da kashe talabijin. Yaran nan a wayar mamansu suke kallo, a gidan maƙwabta, a shagon aski. YouTube in ya gama ɗaya shi ke zaɓar na gaba, ba ya tambayar fasto. Na san gajiyar da muke dawowa da ita daga ofis, ga tsadar mota ga albashin da ba ya kai ashirin ga wata. Amma fim ɗaya a mako tare da su ba zai kashe mu ba. Ni ranar Asabar da yamma na ware, in akwai wuta. Tambayoyina ba su da yawa: wa ka fi so a ciki, me ya sa? Daga ina ya samu ƙarfinsa? Me ya biya? Amsoshinsu ne ke nuna mini abin da ya shiga, ba fostar fim ɗin ba.

Maganar 'yata kuwa ta ɗauke mu watanni. Na nuna mata hoton kakarta tana budurwa, na ba ta labarin yadda matar nan ta goya ni ta yi tafiyar ƙasa zuwa asibitin mishan lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ni. Na bayyana mata abin da hayaƙin murhu ke yi wa ido. Da Kirsimeti muka je gida, ta ci tuwon, har ta taya kakarta tsinkar zogale. Na ba Mama haƙuri, ta ce ai yarinya ce, ba komai. Amma na lura har muka taho, in za ta ba yarinyar ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, sai ta miƙo mini ta ce in ba ta da hannuna.