Amana jari ce, amma mu rubuta bashi

Jama'a, a kasuwannin Yamai, daga Katako har Wadata, da baki muke ciniki. Ɗan kasuwa ya ɗauko kayan miliyan 2 bashi wajen wani Alhaji na Maraɗi, ba takarda, ba sa hannu. Wannan amanar ce ta mai da yaran shago da dama masu gidan kansu. To amma ranar da mai gida ya rasu fa? Magada su rasa wa ke bin wa, zumunci ya watse. Kunya ke hana mu rubutawa, kar a ce mun zargi ɗan'uwa. Alhali aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi. Mu sayi kaye, mu kira shaidu, don marayunmu.