Sharhi: Littattafan yaƙi sun koma kunne, marubuta na neman mafita

Labaran sadaukai da aljanu da matsafa, waɗanda makaranta suka fi sani da littattafan yaƙi, na ci gaba da samun karɓuwa a ƙasar Hausa, duk kuwa da cewa kasuwar littattafan da ake bugawa a takarda ta ja baya matuƙa.

Abin da ya sauya shi ne hanyar da labarin ke bi ya isa ga jama'a. A yau mutane da dama saurarensa suke yi a wayar salula ko a rediyo, maimakon su riƙe littafi su karanta.

Wannan sauyi ya fi fitowa fili a wuraren da ke nesa da Kano, cibiyar buga littattafan Hausa, kamar Taloka da sauran garuruwan yankin Goronyo da Wurno da Rabah a gabashin jihar Sakkwato. A irin waɗannan garuruwa shagon littattafan hikaya na da wuyar samu, amma ba a rasa mai cajin waya da mai tura waƙoƙi da finafinai a ranar kasuwa.

To sai dai yayin da masu sauraro ke ƙaruwa, abin da ke shiga aljihun wanda ya zauna ya ƙirƙiri labarin raguwa yake yi. Abin tambaya a nan shi ne, idan marubucin ya gaji ya ajiye alƙalami, me za a saurara gobe?

Asalin abin

Labarin al'ajabi ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Hasali ma da shi ƙagaggen labari na boko ya fara tsayawa da ƙafarsa.

A gasar rubutu da hukumar fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, littattafai biyar ne aka zaɓa aka buga. Biyu daga cikinsu, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, sun kai jarumansu har duniyar aljanu.

Daga 1937 zuwa 1939 Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a juzu'i uku, inda aku ke ba da labarai da aka tsamo daga tushe daban-daban, ciki har da Dare Dubu da Ɗaya, aka yi musu sutura ta Hausa.

A 1951 aka buga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya samo asali daga labarin wani gwarzo na ƙasar Rasha. A 1969 kuma, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka zuwa yawo a cikin taurari. Masana adabi na kallon littafin a matsayin wanda ya buɗe fagen ƙagaggen labarin kimiyya a harshen Hausa.

Waɗannan littattafai hukuma ce ko kamfani ke buga su, kuma makarantu ne manyan masu sayensu.

Zamanin kasuwar Kano

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Ko da yake littattafan soyayya ne suka fi jan hankalin masu nazari da masu suka, a gefensu an sami wani reshe mai ƙarfi na labaran yaƙi da sihiri, wanda samari suka fi rungumar sa.

Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo wa makaranta Hausa Malikussaif, wanda tushensa tsohuwar hikayar Larabawa ce ta sarki Saifu ɗan Ziyazan. Abdul'aziz Sani Madakin Gini, marubucin Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, ya zamo sunan da ake fara ambata idan ana maganar littattafan yaƙi. Shi kuwa Nazir Adam Salih ya yi fice a labaran ban tsoro da ban mamaki, kafin ya ƙara shahara a rubuta labaran fim.

Tsarin cinikin a wancan lokaci a bayyane yake. Marubuci zai biya maɗaba'a, ya kai wa diloli a kasuwar Sabon Gari, su kuma su sayar wa 'yan sari da ke zuwa daga Sakkwato da Gusau da Katsina da Maraɗi. Ana raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ta yadda cinikin na farko zai biya kuɗin buga na gaba.

Marubuta sun sha kokawa da jinkirin biya da kuma shagunan ba da hayar littafi, inda mutane da yawa ke karanta kwafi guda. Amma duk da haka kowane kwafi sai an saya shi tukuna, kuma wani abu na komawa ga mai shi.

Yadda labari ya koma murya

Karanta littafi a rediyo tsohuwar al'ada ce. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya daɗe da shirin Shafa Labari Shuni, daga baya kuma shirin Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko ya tara ɗimbin masu sauraro. Buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, tun daga Freedom a Kano a 2003, ya ƙara yawan irin waɗannan shirye-shirye.

Wayar salula ce ta kammala aikin. Duk wanda ke da murya mai daɗi da waya mai naɗar sauti na iya karanta littafi, ya ɗora shi a YouTube ko ya raba shi a WhatsApp da Telegram. Daga nan mai tura waƙoƙi a kasuwa zai sauke shi sau ɗaya, ya riƙa zuba wa abokan ciniki a katin mimori a kan kuɗi kaɗan.

A ɗaya ɓangaren kuma buga littafi ya yi tsada. Manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, don haka galibin takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita. Faɗuwar darajar naira bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 ta ƙara tsananta lamarin.

Labaran yaƙi sun dace da kunne fiye da kowane irin rubutu. Suna da tsawo, suna da kirari da artabu, kuma kowane kashi na ƙarewa ne a daidai inda mai sauraro ke ɗokin jin abin da zai biyo baya.

Gabashin Sakkwato

A yankin Goronyo da Wurno da Rabah, isar da rubutu ta hanyar kunne na da dogon tarihi. A ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a Wurno a 1837, ta horar da jajoji waɗanda ke haddace waƙoƙinta na ilimi suna kai wa matan karkara. Rubutu na hannun kaɗan, amma saƙonsa na isa ga masu yawa.

Ko da yake abin da ke cikin littattafan yaƙi nishaɗi ne, hanyar da suke bi a yau ta yi kama da waccan. Manomin da ke ban ruwan albasa ko shinkafa a fadamar kogin Rima, da tela, da direba, da matar da ke aikin gida, duk suna iya bin labari hannunsu na kan aiki. Haka ma wanda ya yi karatun allo bai yi na boko ba, wanda a da sai ya nemi mai karanta masa.

Matsalar tsaro ta ƙara wa katin mimori daraja. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Goronyo da Rabah, a ƙoƙarin daƙile 'yan bindiga. A watan Oktoban shekarar kuma aka kai hari kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 43.

A irin wannan yanayi na rashin layin waya da fargabar hanya da hirar dare da ta koma cikin gida, abin da aka riga aka zuba a waya ba ya bukatar intanet, caji kawai yake bukata.

Ba abin mamaki ba ne idan mutanen da ke fama da azzalumai na zahiri suka sami sanyi a labarin da azzalumin sarki ke faɗuwa a hannun jarumin da ya fito daga talakawa. Labarin ba ya kore ɗan bindiga, amma yana ba mai sauraro 'yan sa'o'i a duniyar da gaskiya ke yin halinta.

Ina kuɗin ke tafiya?

A nan ne gizo ke saƙar. Mai tashar YouTube na fara samun kuɗin talla ne idan ya cika sharuɗɗan kamfanin, waɗanda tun 2018 suka haɗa da mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara guda. Kuɗin nasa ne, sai fa idan ya yi yarjejeniya da marubucin.

Da zarar an sauke sautin an zuba a mimori, talla ta ƙare. Daga nan mai turawa ne kaɗai ke karɓar kuɗi, sannan abokai su ci gaba da tura wa juna kyauta ta Bluetooth ko Xender.

Wasu marubuta, musamman mata, sun koma sayar da labaransu kai tsaye: su saki shafukan farko kyauta, wanda ke son ci gaba ya tura kuɗi a saka shi a zaure na musamman. Sai dai mutum guda ya isa ya fitar da labarin waje, daga nan kuma ya zama na kowa.

Dandalin sayar da littattafai ta intanet ma bai tsira ba. OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka yi amfani da shi, ya rufe a ƙarshen 2023.

Doka dai tana gefen marubuci. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba marubuci ikon hana a kwafi aikinsa ko a watsa shi ko a ɗora shi a intanet ba da izininsa ba, ta kuma tanadi hanyar neman a cire abin da aka sata. Kariyar na ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ma'ana ko littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, ba su zama na kowa ba tukuna.

Amma bin kowace tasha da kowane shagon turi aiki ne da ya fi ƙarfin marubuci guda.

Ƙorafin malamai da iyaye

Akwai kuma tsohuwar muhawara kan abin da ke cikin labaran. Masu suka na ganin yawan ambaton tsafi da bokaye na iya raunana aƙidar yara, ya kuma ɗauke musu hankali daga karatu.

Masu kare su kuwa na nuna cewa samuwar aljanu abu ne da Musulmi ya yi imani da shi, kuma a yawancin littattafan yaƙi matsafi ne ke kwasar kashinsa a hannun mai dogaro da Allah.

A 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan hikaya da aka karɓe daga ɗalibai a Kano, sannan hukumar tace finafinai da ɗab'i a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi marubuta su yi rajista. A lokacin ana iya tsare littafi a maɗaba'a ko a kasuwa. Sautin da ke yawo daga waya zuwa waya ba shi da ƙofar da za a tsare, abin da ya mayar da nauyin sa ido kan iyaye.

A sauran duniya

Irin wannan rubutu ya zama babbar sana'a a wasu ƙasashe, kuma 'yan asalin Najeriya na cikin waɗanda ke cin gajiyarsa da Turanci. Nnedi Okorafor ta ci kyautukan Hugo da Nebula a 2016 da littafinta Binti, kuma tun a 2007 ta fitar da The Shadow Speaker, wanda ta gina labarinsa a Jamhuriyar Nijar ta shekarar 2070. Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, yayin da marubutan Afirka suka kafa kyautar Nommo tun 2017.

A can littafin saurare wani haƙƙi ne daban da ake saya. Kamfanoni irin su Audible, wanda Amazon ya saya a 2008, na karɓar kuɗi daga masu sauraro, su biya mai littafi da mai karantawa bisa yarjejeniya a rubuce.

Bambancin ke nan. Hausa na da labaran, tana da masu karantawa da suka iya, tana kuma da masu sauraro tun daga Sakkwato har Agadez da Kumasi. Tsarin biya ne babu.

Mafita

Hanya mafi kusa ita ce marubuta su riƙa mallakar sautin littattafansu da kansu, ko su ƙulla yarjejeniyar raba kuɗin talla da masu tashoshi da gidajen rediyo kafin a fara karantawa.

Ƙungiyoyin marubuta, irin su reshen ANA na jihohin arewa, na iya shigar da koke a madadin mambobinsu gaba ɗaya a gaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, maimakon kowa ya yi ta kansa. Masu tura labarai a kasuwanni kuma, tun da su ne suka gaji 'yan sarin littafi na da, za a fi cin riba idan aka jawo su cikin ciniki da lasisi mai sauƙi, fiye da a tsaya farautarsu.

Akwai kuma batun adanawa. Littattafan yaƙi da yawa na shekarun 1990 a takarda mai araha aka buga su, ba a kuma sake buga su ba. Sassan nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano na da rawar takawa wajen tattara su, da rubutunsu da sautinsu.

Shi dai mai sauraro a Taloka ya riga ya nuna a shirye yake ya biya, tun da yana biyan mai turi da mai caji. Abin da ya rage wa marubuta da ƙungiyoyinsu shi ne su samo hanyar da wani kaso na wannan kuɗi zai koma ga wanda ya rubuta labarin.