Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Kambun Gwarzon Shekara a Ƙwallon Kwando na Jami'o'in Amurka

A ƙasar Amurka, jami'o'i sun karkasa kansu rukuni-rukuni saboda wasanni, watau jami'o'i kamar goma ko fiye, galibi maƙwabtan juna, su riƙa karawa a tsakaninsu kafin a je babbar gasar ƙasa. A ƙarshen kowane zangon wasa, wajen watan Maris, kowane rukuni yakan fid da ɗalibi guda daga cikin maza masu buga ƙwallon kwando, a naɗa shi gwarzon shekara. Wannan sarauta ba ta wasa ba ce. Da ita manyan ƙungiyoyin da ke biyan albashi mai tsoka suke ƙara sa ido a kan yaro, kuma ita ce ke zama a rubuce bayan an manta da ihun 'yan kallo. Sai dai duk wanda ya bi tarihinta a tsanake zai tarar tana ba da labarin masu zaɓen kamar yadda take ba da na wanda aka zaɓa.

Alal misali, a ɗauki rukunin jami'o'in gaɓar tekun Atlantika, wanda aka fi sani da ACC. An kafa shi a 1953, aka fara naɗin gwarzo a 1954, inda Dickie Hemric na jami'ar Wake Forest ya samu. Shekaru masu yawa 'yan jaridar wasanni na yankin ne ke jefa ƙuri'a. Ko shakka babu, akwai lokutan da ba su da wata wahala. David Thompson ya ɗauka sau uku a jere daga 1973 zuwa 1975, Ralph Sampson ya maimaita haka daga 1981 zuwa 1983, sannan Michael Jordan ya karɓa a 1984. Irin waɗannan ko makaho ya shafa ya ji. Inda ake gane adalcin alƙali shi ne ranar da gwanaye biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Irin wannan rana ta zo a 1969. Charlie Scott shi ne baƙar fata na farko da jami'ar Karolina ta Arewa ta ɗauka da tallafin karatu domin wasanni, a ƙarƙashin mai horarwa Dean Smith. Kada mai karatu ya manta cewa sai a 1965 ne baƙar fata ya fara buga wannan wasa a rukunin gaba ɗaya, watau Billy Jones na jami'ar Maryland. Scott ya riga ya ci lambar zinariya tare da 'yan wasan Amurka a gasar Olamfik ta Meziko a 1968. A 1969 kuwa ƙungiyarsa ce ta zo ta ɗaya a rukunin, shi kansa ya zuba maki 40 a wasan ƙarshe da jami'ar Duke, daga bisani ya jefa ƙwallon da ta fid da jami'ar Davidson, ta kai su zagayen kusa da ƙarshe na gasar ƙasa. Amma da aka ƙirga ƙuri'u, sai John Roche, farar fata daga jami'ar Karolina ta Kudu, ya samu 56, Scott ya samu 39.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Roche gwani ne na gaske, kuma a wannan shekara ya ɗan ɗara Scott a yawan maki. In da nan maganar ta tsaya, da sai a ce masu zaɓe sun auna da mudun maki, ba su kula da nasarar ƙungiya ba, wannan kuwa ra'ayi ne mai kan gado. To, amma sai ga 1970. A wannan karo Scott ne ya fi kowa maki a rukunin, yana zuba wajen 27 a kowane wasa, ƙungiyar Roche kuwa ta ci dukkan wasanninta 14 na rukuni kafin gasar ƙarshen zango. Sai aka sake bai wa Roche. Ke nan bara da Scott yake da ƙungiya an ce maki ake dubawa, bana da yake da maki an ce ƙungiya ake dubawa. Mai awon da ke sauya mudu gwargwadon fuskar mai saye, ko da bai yi niyyar zamba ba, ya bar wa mutane ƙofar zargi a buɗe. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, a 1969 mutum biyar daga cikin masu zaɓe ba su ma sa Scott a jerin gwanaye biyar na farko ba. Wannan kam ba mudun da zai fassara shi. Sai a 1971 baƙar fata ya fara samun kambun, watau Charlie Davis na Wake Forest.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, zamani ya canja. Gaskiya ne launin fata ya daina zama shinge a wannan zaɓe, amma rikicin mudu bai mutu ba. A 2013 Erick Green na Virginia Tech ya fi duk ɗaliban manyan jami'o'in ƙasar maki, 25 a kowane wasa, alhali ƙungiyarsa ce kurar baya a rukunin, ta ci wasa 4 ta faɗi 14. 'Yan jarida suka ba shi kambun. Masu horarwa kuwa, waɗanda a shekarar suka fara nasu zaɓen dabam, suka bai wa Shane Larkin na jami'ar Mayami, wadda ta lashe rukunin. Aka wayi gari da sarki biyu a gari ɗaya.

A nan 'yan jarida ne suka fi kusa da gaskiya. Ƙungiyar da ta yi nasara tana da nata kofi, ba a hana ta ba. Wannan kambu na mutum ɗaya ne, saboda haka aikin mutum ɗaya ya kamata a auna: makin da ya ci, ƙwallon da ya miƙa wa abokansa, tsaron da ya yi wa kwandonsa. Hasali ma yaron da ke cikin raunanar ƙungiya ya fi shan wuya, don kuwa abokan hamayya sun san in sun tare shi sun gama, sai su yi masa rubdugu. Hukunta shi saboda gazawar wasu mutum huɗu daidai yake da malami ya rage wa ɗalibi maki don 'yan ajinsu sun faɗi jarrabawa. Ko a nan sashe ba wanda zai yarda da haka, shi ya sa ma ake rubuta ma'aunin duba takardu tun kafin a buɗe su.

Abu biyu ke nan ya kamata kowane rukuni ya yi. A faɗi mudun tun farkon zango, sannan a buga ƙuri'ar kowane mai zaɓe da sunansa, ba jimilla kaɗai ba. Masu sukar wannan suna cewa ɗan jarida zai ji tsoron fushin 'yan garinsu, ya zaɓi nasu ko da bai cancanta ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma son kai a ɓoye ya fi sauƙi a kan son kai a bainar jama'a, inda dole mutum ya kare abin da ya rubuta. Ba kuma sabon abu ba ne, domin hukumar ƙwararru ta NBA tun 2014 take bayyana wanda kowane ɗan jarida ya zaɓa. Da an yi haka a 1969, da mutanen nan biyar sun sha tambaya tun da sauran zafin abin. Shi dai Scott sai a 2018 aka shigar da shi zauren tunawa da mashahuran ƙwallon kwando na Naismith, amma a jerin gwarazan ACC, gurbin 1969 da na 1970 sunan Roche suke ɗauke da shi.