Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Tun da 'yan fashin daji suka sa hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura Namoda da Zurmi ta yi wuyar bi, tarhon intanet ya zama abin dogara wajen shawarar aiki. To, kafin a ji murya, na'urori sukan yi musayar saƙo tukuna: gayyata, da ƙararrawa, da amsa, daga ƙarshe bankwana. Ƙa'idar da aka fi bi, watau SIP, an tsara ta cikin 1999, aka gyara cikin 2002.

Kiran mutum biyu ba wuya. Amma in takwas ne, wannan ya fita wancan ya shigo, nan saƙo kan ɓace, taro ya watse. Shi ya sa injiniyoyi kan sa kwamfuta ta kwaikwayi masu kira da yawa kafin a buɗe wa jama'a layi.

Lalle mu ma malamai da akawuna mu yi koyi, mu gwada kira tun jajibirin taro. Kada kuma mu yar da wasiƙa da ɗan aike, gama mun tuna cikin Satumba 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya.